Kalmar Yohanna da Gonar Mamman Dogo

Ku samarin da kuka buɗe shagunan kwamfuta a bakin kasuwar Talata Mafara, ina jin ku idan na wuce. Kuna cewa wai abin da muka yi a da ba aiki ba ne, zama ne a inuwa da alƙalami, mutum ya faɗa ka rubuta. To ni na yi wannan zaman shekara da shekaru a gaban gidan waya, kuma akwai takardar da na rubuta wadda har yau in na tuna ta abinci yake fita raina. Ba kuskuren Turanci na yi a cikinta ba. Turancinta ma ya fi na duk wata takarda da ta taɓa fita daga hannuna.

A Maradun na koyi sana'ar, wurin Malam Ɗanbaba, tsohon magatakardan kotu wanda ya ajiye aiki ya kafa tebur a zaurensa. Na gama firamare ban samu wucewa gaba ba, mahaifina ya kama hannuna ya kai ni. Wata uku ban taɓa takardar kowa ba. Aikina jan layi da rula, cika alƙalami da tawada, da lasar kan sarki har harshena ya saba da gam. Daga nan ya koya mini ɗaukar dangwale. Ka riƙe babban yatsan mutum, ka taɓa shi a tawada sau ɗaya, ka mirgina shi a hankali daga gefe zuwa gefe. In ka danna, baƙin tabo za ka samu, ofis kuwa ba ya karɓar tabo. Yatsan manomi ya fi na kowa wuya, don fartanya ta cinye zanensa, sai ka sa shi ya wanke hannu ya jira fatar ta ɗan yi laushi.

Dokar da ya fi tsananta mini ita ce ta karatu. Ba a dangwala yatsa sai an karanta wa mai takarda abin da ke ciki da Hausa, tun daga sama har ƙasa, ya ce ya yarda. In kuma maganar gona ce, kafin Malam ya buɗe alƙalami sai ya tambayi maƙwabta: gabas wa, yamma wa, kudu wa, arewa wa. A ƙasarmu gona ba ta da lamba kamar mota. Da mutanen da ke kewaye da ita ake saninta, sai kuma wata kuka ko tsamiya da ke kan iyaka. Wannan ba sai an je makaranta ba, ni ma na san shi tun ina kai wa babana fura gona.

Takardar farko da na rubuta bayan na kafa nawa teburin a Talata Mafara ta wata tsohuwa ce, zuwa ga ɗanta soja a kudu. Ta yi kusan awa guda tana zuba: akuya ta haihu, katangar bayan gida ta faɗi, wane ya rasu, wance ta aurar da 'ya. Abin da ya kawo ta kuwa sai da ta miƙe za ta tafi ta faɗe shi, wai idonta na hagu ya daina gani, tana so yaron ya zo ta gan shi da na dama tun yana aiki. Na yaga abin da na rubuta na ɗauki sabuwar takarda, na fara da maganar idon. Ya zo kuwa kafin watan ya ƙare. Aikin ke nan. Mutum zai zube maka magana tuli guda, kai ne za ka tono wadda ta baro da shi daga gida.

Kayan aikina a lokacin ba su cika jaka ba. Tebur mai gajeruwar ƙafa ɗaya da nake tokarewa da dutse, benci, alƙalami mai shan tawada, dogayen takardu, takardar kabon don mai takarda ya tafi da kwafi, ambulan, da wani ƙamus da bangonsa ya daɗe da cirewa. Da aka fara aikin dam, wato madatsar ruwa, kasuwata ta buɗe. Kowa na son aiki a kamfani: direba, birkila, mai gadi, leburan da bai san ko aikin me zai yi ba. Ni kaɗai ne a gaban gidan waya. Malam Bawa mai takarda ake ce mini, har daga Bakura da Jangebe ana zuwa nemana, ni kuwa na saba da hakan kamar gadona ne.

Sai ga Yohanna. Mutumin Zuru ne, Kirista, ya taɓa zama akawun sito a wani wuri aka rage ma'aikata. Ya kafa tebur a jikin katangar da ke kallon tawa, tsakaninmu bai fi taku ashirin ba, ya buɗe wani baƙin akwati ya fito da tafireta. Ranar na san ina da ciwon da ban taɓa sani ba. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai ƙararrawa ta ce ƙiling, duk wanda ke kan bencina ya juya wuya. Kafin sati biyu bencin nawa ya zama wurin hutun awaki. Da mutumin banza ne da na samu sauƙi, in zage shi a raina in yi barci. Ina! Kullum da safe sai ya tsallako ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Maradun, wani lokaci har da goro, shi da ba ya cin goro. Ina amsawa da fara'a, amma a baki kawai ta tsaya.

Na sayar da raguna biyu na je Gusau na sayo tsohuwar tafireta. Harafi ɗaya yana maƙalewa sai na ɗago shi da tsinke, kuma da yatsa biyu na koyi bugu, amma dai ni ma ina da ƙiling ɗina. Na ce shi ke nan, an yi daidai. Ba a yi ba.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce ta rabon gonaki. Katafiloli sun riga sun bi ta kan gonakin mutane an baje su don noman rani. Kuka, tsamiya, gawo, shingen aduwa, tsohuwar rijiya, duk abin da mutum zai nuna ya ce daga nan tawa ta fara, an share shi, ƙasa ta koma shimfiɗe kamar tabarma. An ce wa manoma su yi haƙuri, in an gama gyara za a mayar wa kowa tasa. Damina ta wuce ba shuka, wata ta sake wucewa. Rumbuna suka ƙare, mutanen da ba su taɓa sayen hatsi ba suka fara zuwa kasuwa da kwano. Da aka zo rabon, sai wasu suka nemi sunansu a rijista suka rasa. Aka ce duk wanda sunansa ya faɗi ya kawo takardar koke da Turanci zuwa ofishin rabo. Aiki ya zo mana ni da Yohanna har ba ma samun cin abincin rana.

A nan abin ya fara ci mini rai da gaske. Tafireta iri ɗaya, ofis ɗaya, koke iri ɗaya, amma mutanensa ake kira. Sai ka ga wanda ya rubuta wa ya dawo da murna, ya durƙusa gaban teburinsa yana ta godiya, an nuna masa gonarsa. Nawa kuwa shiru. Na ce lallai akwai abin da mutumin nan yake sawa.

Wata Lahadi ya tafi coci, ni na fito na zauna ko da wani zai zo. Wani manomi ya zo da kwafin takardar da Yohanna ya buga masa, yana so a sake karanta masa ya ji. Na yi wuf na karɓa. Abin mamaki, rabin shafi ce kawai. Turancinta kuwa na ɗan aji huɗu, sunaye ne da lambobi a jere, ban ma tsaya a kansu ba. Sai a layin ƙarshe na ci karo da kalmar da ban taɓa gani ba: frustration. Na dube ta na sake dubawa. Na ce a raina, ashe nan maganin yake.

Na buɗe ƙamus, ya fassara mini ita da wani Turancin da ya fi ta wuya. Mutumin da ya san ta yana nan taku ashirin daga teburina, gobe da safe ma zai tsallako da kansa ya gaishe ni. Amma in tambayi Yohanna? Gara in hau mota. Na rubuta kalmar a tafin hannuna na tafi Maradun.

Na tarar da Malam Ɗanbaba a zaure, ido ya yi rauni amma kunne na nan. Bayan mun gaisa na jero masa haruffan ɗaya bayan ɗaya. Ya yi murmushi ya ce ya san ta, ya sha jin ta a bakin wani Bature a zamanin kotu.

Na ce, "Malam, hushi na?"

Ya ce, "A'a. Mai hushi shina da wanda zai kama da faɗa. Ba baƙin ciki ba na kuma, wanga na mutuwa na da asara. Ka ga mutum ya zaka bakin rijiya da ƙishirwa. Ga ruwa shina gani, ga guga ga hannu nai, igiya ta gaza da kamu ɗaya. Ya kwance rawani nai ya ƙara, ba ta kai ba. Ya ƙulla tazuge, ba ta kai ba. Rijiyar kuma tasa ta, ubanai yag gina ta. To abin da ke cikin ƙirjin mutumin nan, shi Turawa ka kira hakanan."

Na ce, "Takaici ke nan."

Ya ce, "Kusa da shi. Amma takaici ko ɗanka yay yi abin kunya kana jin shi. Wagga kalma sai ga wanda yay yi ƙoƙari, ya sake, ya sake, wani abu ya tare mai hanya, shi ko ba shi da yadda zai yi. Ina kag gan ta?"

Na ce a wata takardar koke. Ya ce in karanta masa takardar duka. Na ce kalmar kawai na kwafo.

"To mi ke gaba gare ta?"

"Ba komi, Malam. Sunaye na kawai."

Ya juyo inda yake jin muryata. Ya buɗe baki zai yi magana, ni kuwa na riga na miƙe ina cewa mota za ta tashi. Abin da na zo nema na samu.

Daga ranar ba takardar da ta fita daga tafiretata ba tare da kalmar nan ba. Yohanna sau ɗaya yake sa ta, a ƙarshe. Ni na sa ta a kan takarda, na sa ta a tsakiya, na rufe da ita. Na tono mata 'yan'uwa daga ƙamus, dogaye masu cika baki, na jera. Rabin shafinsa na mayar da shi shafi biyu. In na zo karanta wa mai takarda da Hausa kuwa, nan nake baje kolina. In kawo rijiyar Malam da gajeruwar igiya, in sassauta murya, in ɗaga. Na ga dattawa masu furfura suna share ido da bakin riga suna cewa, "Wallahi haka nike ji, kamar ka shiga cikina." Kuma gaskiya suka faɗa, kalmar tasu ce, ba wanda ya fi su cancantar ta a duk ƙasar nan.

Benci ya sake cika. Abin da ya taimake ni shi ne Yohanna ba shi da sauri. Zai zaunar da mutum awa guda yana tambaya. Yakan ce wa wani ya koma gida ya samo kaza da kaza. Wani lokaci ya rufe tafiretar ya hau kekensa ya bi mutum har ƙauye. Mai yunwa ba ya son a ce masa je ka dawo. Ni kuwa kana zama ka ji ƙwas ƙwas, kafin shayinka ya huce ka dangwala ka tafi. Sai in ɗaga kai in ga Yohanna zaune da mutum ɗaya ko biyu, ni ina da goma. Ba zan ɓoye muku ba, daɗin ganin bencinsa ba kowa ya fi mini daɗin cikar nawa.

Ranar wata Talata, kasuwa na ci, Mamman Dogo ya zo. Tsoho ne daga wani ƙauye a gefen Bakura, dogo kamar sunansa, da sanda da buta. Gona ɗaya gare shi, ta gado, kusa da gulbi, ita ke ciyar da gida mai mutum fiye da goma. Sunansa ya faɗi daga rijista, kuma an yi shela cewa ranar Juma'a za a rufe karɓar koke. Wurin Yohanna ya fara zuwa. Ina kallonsu ta gefen ido. Sun daɗe, sannan na ga tsohon ya miƙe yana kaɗa kai, ya tsallako titi ya tsaya a kaina.

Muka gaisa. Ya ce, "Malam, wancan ya ce in koma gida. Wai maƙwabcina na arewa ya rasu, sai in gano sunan wane cikin ɗiyanai anka rubuta, in kawo lambar katin da ofis yab ba kowa. Ni da ƙahwata wagga? Yau Talata hwa."

Abin da ya kamata in ce a fili yake: Baba, yi abin da ya gaya maka, Laraba da Alhamis sun ishe ka. Amma daga bencin Yohanna ya taso, a gaban jama'a, da ƙafarsa ya zo wurina. Na ture wanda ke kusa da ni na yi masa wuri.

Na ce, "Zauna, Baba. Mu nan ba mu wahal da tsoho." Na ɗaga murya yadda za a ji a ƙetaren titi.

Ya zauna ya fara bayani yadda duk manomi yake yi. Gabas gare shi Na'Allah, yamma wani Ɗan'ige, ya kama maganar tsamiyar da kakansa ya dasa a kan iyaka. Ban saurara ba, na riga na zura takarda ina bugu. Shafi biyu cif na yi masa. Na sa damina biyu da ba shuka, na sa rumbun da ya ƙare, na sa tsufansa, na sa kalmar har sau huɗu. Da na karanta masa, har masu sayen kan sarki suka tsaya saurare. Tsohon ya daɗe kansa a sunkuye. Sannan ya ɗago.

"Ta yi, Malam. Wallahi ta yi. Amma ban ji sunan Na'Allah ba."

Na ce, "Baba, Turanci ba ya son tarkace. Abin da ke ciki ya isa ya motsa dutse."

Ya ce, "Kai kas sani," ya miƙo mini yatsa. Na mirgina shi a hankali, dangwalen ya fito tsaf.

Bayan ya tafi ofis da takardar, Yohanna ya tsallako. Bai ɗaga murya ba, ya sunkuyo kamar mai duba tafiretata.

"Malam Bawa, ka sa masa maƙwabta?"

Na ce, "Kowa ya ji da teburinsa."

Ya ce, "Gaskiya ne. Amma akwai gobe da jibi. In kana so ga kekena, ka bi shi ka samo sunayen, a sake kai wata."

Na ce na gode, ina da aiki. Ya tsaya kaɗan, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma. Na bi bayansa da harara, ina cewa a raina baƙin ciki yake yi don na ƙwace masa mutum.

Bayan sati uku wani akawun ofishin rabo ya zo aika wasiƙa, ya zauna a bencina yana jiran layi ya ragu. Na tambaye shi, da sigar hira, me ya sa ba a kiran mutanena. Ya yi dariya ya ce ashe ni ne mai dogon Turancin nan, ai takarduna suna da daɗin karatu, har karanta wa juna suke yi lokacin hutu. Sannan ya bayyana mini yadda suke aiki. Suna da taswirar da safiyo, masu awon ƙasa, suka zana kafin a baje ƙasa, kowace gona da lambarta. Mutumin da sunansa ya faɗi, ba yadda za a gano tasa sai ta maƙwabta. A nemo na gabas a rijista, a nemo na yamma, na kudu, na arewa, filin da ya rage a tsakiya shi ne nasa. Takardar da ba ta da maƙwabta kuwa ba su da inda za su ɗora yatsa, sai su ajiye ta gefe.

Ya ce, "Ita kuma kalmar nan taka, Malam, ba sai an rubuto mana ba. Duk wanda ya shigo ofishin nan a fuskarsa muke ganinta. Mu gonar muke so a nuna mana."

Sunayen nan da na tsallake a takardar Yohanna ranar Lahadi, su ne takardar. Kalmar da na hau mota dominta, shi ƙarashe kawai yake yi da ita bayan ya gama aikin, kamar yadda ake cewa a huta lafiya. Wannan shi ne abin da nake so ku riƙe, ku masu kwamfuta. Kalma ce mai kyau, kuma tana da wurinta. Ana faɗinta a kan mutumin da ya yi iya yinsa aka tare shi, kuma sai bayan ka nuna abin da ya yi da abin da ya tare shi. In ka fara da ita, kuka kawai ka yi a gaban wanda ya ji kukan mutum ɗari kafin naka.

Washegari na rufe tafireta na tafi Bakura. Da yawa daga cikin mutanena maƙwabtansu sun shaida musu a wurin rabo sun samu, amma gonar Mamman Dogo tana can ƙurya inda aka sauya hanyar ruwa, ba wanda ya iya nuna ta da ido. Na ce masa ofis na son ƙarin bayani, ban ce masa komai ban da wannan ba. Kwana biyu na yi ina bin gidaje har na haɗa sunaye huɗu da lambobinsu. Na dawo na tsallaka titin nan a karo na farko, na ce Yohanna ya duba mini. Ya karɓa, ya gyara lamba ɗaya, ya buga da kansa a rabin shafi. Bai ce ai na gaya maka ba. Ko kallon da ke nufin haka bai yi mini ba. Har wannan ma sai da na yi masa hassadarsa, don na san da ni ne da unguwa ta ji.

Sau uku ina zuwa ofishin. Na farko aka ce an rufe karɓa. Na biyu na samu akawun nan ya tausaya ya buɗe taswira, ya bi sunayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, cikin minti biyar ya ce ga ta nan. Na gan ta da idona, ɗan fili mai kusurwa biyar a tsakiyar huɗun. Sai ya buɗe rijista ya ce ai an riga an ba wani, da yake ba wanda ya nuna tasa ce, har ya yi huɗa. Na uku ba a ma bar ni na wuce ƙofa ba. Na tsaya a rana da takardar a hannuna, daidai take, ba abin da ya rage a cikinta, kuma ba ta da sauran amfani. A nan na san kalmar, ba a zauren Malam ba.

Yohanna ya yi shekaru a gabana bayan wannan, kafin ya koma garinsu. Na rage tsawon takarduna, na koyi cewa mutum je ka dawo. Amma ban taɓa kamo shi ba, kuma ban daina jin ƙyashinsa ba. Har yau in aka yabi wani mai takarda a gabana, fuskarsa nake gani.

A shekarar rabon nan, kafin damina ta faɗi, wata safiya, motar itace ta tsaya a gaban gidan waya, an lafta mata gadaje da tukwane da turmi, mata da yara a sama. Mamman Dogo ya sauko a hankali yana dogara sanda. Zai koma wajen Dosara, inda surukinsa ya yi alkawarin ara masa ɗan fili. Ya zo teburina ya gaishe ni doguwar gaisuwa, sannan ya zaro wani ƙullin tsumma daga aljihu ya ajiye a kan tafiretata. Irin albasa ne, wanda ya adana tun shekarar da aka baje gonar. Ya ce can inda za shi tudu ne, ba ta yi.

Ya ce, "Riƙe, Malam. Ba ni da abin da yah hi shi. Allah bai nuhwa ba, amma kai ka yi. Har gidana kat taka. Duk garin ga kai ɗai kat tsaya man." Ya nuna ƙetaren titi da sandarsa, bai ko rage murya ba. "Wancan ko, korata yay yi."

Tafiretar Yohanna ta yi shiru. Na san ya ji, kuma na san yana kallona. Kalma biyar sun isa in gyara maganar, laifina ne ba nasa ba, suna nan a kan harshena. Na dubi tsohon, na dubi mutanen da ke kan bencina suna gyaɗa kai.

Na ce, "Allah shi kiyaye hanya, Baba."

Ya hau mota. Da za su wuce ta gabansa, Yohanna ya miƙe tsaye ya ɗaga masa hannu biyu, tsohon ya kau da kai.